GOCEWAR KAFAƊA: YADDA LIKITA KE GANE WADDA ZA TA SAKE GOCEWA BAYAN FIƊA

GABATARWA

An shirya wannan ɗan littafi ne domin jama'ar ƙasa baki ɗaya, musamman matasa masu wasannin motsa jiki, da ma'aikata masu ci da ƙarfin damtsensu, da iyayen da 'ya'yansu ke fama da gocewar kafaɗa.

Duk wanda ya tsaya a mahadar Tina da ke birnin Jos da sassafe zai ga irin mutanen da muke nufi. Ga masu keke mai ƙafa uku suna lodin fasinja, ga 'yan dako suna sauke buhuna, ga magina sun nufi wurin aiki, ga kuma samari da takalman ƙwallo a hannu, kowannensu yana fatan wata rana ya buga wa Plateau United ko Mighty Jets. Dukansu da kafaɗa suke neman abinci. Ranar da kafaɗar ɗayansu ta fara gocewa a kai a kai, sana'arsa ta shiga haɗari, iyalinsa kuwa su shiga wahala.

Likitocin ƙashi suna gyara wannan lahani ta hanyar fiɗa. Amma fiɗar iri-iri ce, kuma wadda ta dace da wani ba lalle ba ne ta dace da wani. Akwai wanda za a yi masa aiki ya warke har abada, akwai kuma wanda bayan shekara ɗaya ko biyu kafaɗar za ta sake fita. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Haka nan likita yana da alamun da yake dubawa tun kafin ya ɗauki wuƙa, waɗanda ke nuna masa ko aikin zai riƙe. Waɗannan alamu su ne za mu bayyana, domin mai ciwo ya san abin da zai faɗa wa likita da abin da zai tambaye shi.

YADDA GAƁAR KAFAƊA TAKE

A jikin ɗan Adam babu gaɓar da ta kai kafaɗa juyawa. Da ita mutum ke miƙa hannu sama, ya kai shi baya, ya kewaya da shi ta kowane gefe. Wannan sauƙin juyi kuwa shi ne ya sa ta fi dukan manyan gaɓoɓi yawan gocewa.

Gaɓar ƙugu kamar taɓarya ce a cikin turmi, kan ƙashin cinya ya nutse a gurbi mai zurfi. Kafaɗa ba haka take ba. Kan ƙashin damtse mulmulalle ne babba, gurbin da yake zaune a kai a jikin allon kafaɗa kuwa ƙarami ne marar zurfi. Misalinsa kamar tulu ne a bisa kan mai ɗaukar ruwa. Abin da ke hana tulu zamewa shi ne gammo. To, a bakin gurbin kafaɗa ma akwai wani zobe na guringuntsi da ya kewaye shi, yana ƙara masa zurfi, aikinsa daidai da na gammo. A jikin wannan zobe ne jijiyoyin da ke ɗaure gaɓar suka kama. Daga waje kuma akwai tsokoki huɗu da suka lulluɓe kan ƙashin suna danne shi a gurbinsa.

Idan mutum ya faɗi a kan miƙaƙƙen hannu, ko aka fizge masa hannu baya sa'ad da yake ɗage, kan ƙashin yakan tsallake bakin gurbin ya faɗo. Fiye da kashi 90 daga cikin 100 na gocewar kafaɗa ta gaba ƙashin ke fita, watau ta wajen ƙirji. Kaɗan ne ke fita ta baya, kuma irin wannan an fi ganinta ga masu farfaɗiya da waɗanda wutar lantarki ta ja.

ABIN DA KE LALACEWA RANAR GOCEWA

Mayar da ƙashi gurbinsa ba shi ne ƙarshen magana ba, domin ƙashin ba ya fita sai ya yi ɓarna a hanya. Ɓarnar iri uku ce.

Ta farko, gammon nan na guringuntsi yakan ɓalle daga bakin gurbin ta gaba, tare da jijiyoyin da ke jikinsa. Wani likitan Ingila mai suna Bankart ne ya yi bayanin wannan rauni a 1923, har yau kuwa da sunansa ake kiransa. Sau da yawa zoben ba ya komawa ya manne a wurinsa na asali, sai ƙofa ta zauna a buɗe.

Ta biyu, sa'ad da kan ƙashin ya faɗo, bayansa yakan bugi kaifin bakin gurbin ya loɓa, kamar yadda kwanon sha ke loɓawa in ya bugi dutse. Likitocin ɗaukar hoto biyu na Amurka, Hill da Sachs, su ne suka bayyana wannan loɓa a 1940.

Ta uku, bakin gurbin kansa yakan ɓalgace, ko ya riƙa cinyewa kaɗan kaɗan duk lokacin da ƙashin ya wuce ta kansa, kamar yadda igiyar guga ke cin bakin rijiya. Wannan ita ce ɓarnar da ta fi muni, domin ƙashin da ya cinye ba ya tsirowa.

Abin lura a nan shi ne, kowace gocewa tana ƙara wa wadda ta gabace ta ɓarna. Mutumin da kafaɗarsa ta fita sau goma ba daidai yake da wanda tasa ta fita sau biyu ba, ko da ya iya mayar da ita da kansa ba tare da jin zafi sosai ba. Sauƙin fita da sauƙin komawa alama ce ta cewa ƙofar ta yi faɗi.

WA YA FI SHIGA HAƊARI?

Babu abin da ya kai shekaru muhimmanci. A 1956 wani likitan birnin Boston mai suna Rowe ya bi diddigin kafaɗu 500, ya tarar cewa waɗanda kafaɗarsu ta fara gocewa kafin su cika shekara 20, kashi 83 daga cikin 100 ta sake goce musu. Ga waɗanda suka haura shekara 40 kuwa, kashi 16 ne kacal.

A 2006 likitocin birnin Edinbara na ƙasar Sikotilan suka ba da sakamakon mutum 252 'yan shekara 15 zuwa 35 waɗanda aka mayar musu da kafaɗa ba a yi musu fiɗa ba. Cikin shekara biyu fiye da rabinsu sun sake samun matsala, cikin shekara biyar kuwa sun kai kashi biyu bisa uku. Samari maza su ne suka fi yawa a cikinsu.

Dattijai kada su ce sun tsira. Wanda ya wuce shekara 40, kafaɗarsa ba ta cika sake fita ba, amma tsokokin nan huɗu sukan yage ranar gocewa. Idan dattijo ya kasa ɗaga hannu makonni biyu ko uku bayan an mayar masa da ƙashi, lalle ne ya koma asibiti a duba shi.

IRE-IREN FIƊAR DA AKE YI

Tun zamanin dā masana ke neman maganin wannan lahani. Hippocrates, likitan Girka wanda ya rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ya rubuta cewa a yi wa mai shi lalas da jan ƙarfe a hamata domin tabon ya ɗaure gaɓar. Yau an wuce nan. Manyan hanyoyin da likitoci ke bi su ne waɗannan:

1. Aikin Bankart. Likita zai jawo gammon da ya ɓalle ya ɗinke shi a bakin gurbin, da ƙananan ƙusoshi masu zare da ake kafawa cikin ƙashi. Ana yinsa ta hanyar tsaga fata, ana kuma yinsa ta ƙananan huji biyu ko uku da wani siririn madubi mai kyamara, wanda za mu kira fiɗar leƙe. Fiɗar leƙe ba ta barin babban tabo, kuma matsalolinta kaɗan ne. Rauninta shi ne nama kawai take gyarawa, ba ta mayar da ƙashin da ya cinye.

2. Aikin cike loɓa. Idan loɓar bayan kan ƙashin tana da girma, likita yakan jawo jijiyar tsokar da ke kusa ya ɗinke ta a cikin loɓar, domin kada ta sake sarƙewa da bakin gurbin. Tare da aikin Bankart ake haɗa shi.

3. Aikin Latarjet. Wani likitan birnin Liyon na Faransa mai wannan suna ne ya fito da shi a 1954. A gaban allon kafaɗa akwai wani ɗan ƙashi mai kama da bakin hankaka. Likita zai yanko shi tare da jijiyar da ke jikinsa, ya ɗaure shi da ƙusa a wurin da bakin gurbin ya cinye. Ƙashin ya cike giɓi, jijiyar kuma ta zama kamar majanyi tana tare kan ƙashin in an ɗaga hannu. Wannan aiki ya fi hana sake gocewa, amma ya fi girma, kuma matsalolinsa sun fi yawa: jijiyar motsi na iya taɓuwa, ƙashin na iya ƙin haɗewa, ƙusa na iya damun mutum daga baya.

Saboda haka likita yana tsakanin abu biyu. In ya yi ƙaramin aiki ga wanda ke bukatar babba, kafaɗa za ta sake fita, kuɗi da lokaci sun tafi a banza, fiɗa ta biyu kuwa ta fi ta farko wuya. In ya yi babban aiki ga wanda ƙarami ya ishe shi, ya ɗora masa haɗarin da bai kamace shi ba. Wannan ne ya sa aka nemi ma'aunin da zai raba su.

MA'AUNIN MAKI GOMA

A 2007 likitoci biyu, Balg da Boileau, suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a birnin Nis na Faransa. Sun bi mutum 131 waɗanda aka yi wa aikin Bankart ta fiɗar leƙe. Daga cikinsu mutum 19 matsalar ta dawo musu. Da suka duba abin da ya bambanta waɗannan 19 da sauran, sai suka tsara ma'auni mai tambayoyi shida, jimlar makinsa goma. Ga shi:

1. Mai ciwo ɗan shekara 20 ne ko ƙasa da haka a lokacin fiɗa? Maki 2.
2. Yana wasa na gasa, watau a ƙungiya ko domin cin kofi? Maki 2.
3. Wasan nasa na karo da juna ne, ko na wurga hannu sama da ƙarfi? Maki 1.
4. Gaɓoɓinsa suna da sakin da ya wuce na sauran mutane? Maki 1.
5. Ana ganin loɓar bayan kan ƙashin a hoton da aka ɗauka ta gaba, hannu yana juye waje? Maki 2.
6. Layin bakin gurbin ya ɓace a hoton, alamar ƙashi ya cinye? Maki 2.

Waɗanda makinsu ya haura 6, kashi 70 daga cikin 100 matsalar ta dawo musu. Waɗanda suka sami 6 ko ƙasa da haka, kashi 10 ne. Don haka masu binciken suka ba da shawara cewa mai maki sama da 6 kada a yi masa aikin Bankart na leƙe shi kaɗai, a yi masa aikin Latarjet. Binciken da ya biyo baya ya sa likitoci da yawa sun sauko da iyakar, suna fara yin taka-tsantsan tun daga maki 3 ko 4.

Bari mu gwada ma'aunin da misali biyu.

A ƙaddara ga saurayi ɗan shekara 19, mai tsaron gida a wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa da ke shiga gasa. Shekarunsa sun ba shi maki 2, gasa ta ba shi 2, irin wasan ya ba shi 1. Tun ba a ɗauki hoto ba ya tara 5. In hoto ya nuna loɓa, ya zama 7. Wannan saurayi, ɗinkin nama kaɗai ba zai riƙe shi ba.

A ƙaddara kuma ga tela ɗan shekara 35, wanda ya faɗo daga keke a kan hanya, kafaɗarsa ta fita sau biyu, ba ya wasa, gaɓoɓinsa ba su da saki, hotonsa kuma bai nuna ɓarnar ƙashi ba. Makinsa sifili ne. Ƙaramin aiki zai ishe shi, da yardar Allah.

Amfanin wannan ma'auni a ƙasarmu shi ne ba ya bukatar komai sai tambaya, da gwajin hannu, da hoton ƙashi na yau da kullum, wanda ake samu a manyan asibitoci. Sai dai a Turai aka tsara shi, a kan wasanninsu. Wajibi ne ɗan kokawa da ɗan dambe su gaya wa likita irin wasansu filla-filla, haka ma ɗan dako da mai fasa dutse da mai haƙar kuza, domin nauyin da suke ɗora wa kafaɗa kullum bai gaza na ɗan wasa ba.

AWON ƘASHIN DA YA CINYE

Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna dukan ɓarna. Idan likita yana zargin ƙashi ya cinye, zai tura mai ciwo a yi masa hoton CT, wanda ke nuna fuskar gurbin sarai har a auna ta. Hoton MRI kuwa shi ya fi nuna gammo da jijiyoyi da tsoka.

A shekara ta 2000, likita Burkhart na Amurka da likita De Beer na Afirka ta Kudu suka ba da rahoton kafaɗu 194 da aka yi wa aikin Bankart ta fiɗar leƙe. Guda 173 ba su da babbar ɓarnar ƙashi, kuma 7 ne kawai daga cikinsu suka sake gocewa, watau kashi 4 daga cikin 100. Guda 21 suna da babbar ɓarna, 14 daga cikinsu suka sake gocewa, watau kashi 67. Aiki iri ɗaya ne aka yi wa kowa, ƙashin da ya rage shi ne ya raba su.

An daɗe ana cewa idan abin da ya cinye ya kai kashi 20 zuwa 25 na faɗin gurbin, sai an ƙara ƙashi. A 2015 wani bincike da aka yi a kan sojojin Amurka ya nuna cewa tun daga kashi 13 da rabi sakamakon ɗinkin nama ke fara lalacewa ga masu aikin ƙarfi.

Akwai kuma wani lissafi da ke haɗa ɓarnar gurbi da loɓar kan ƙashi wuri ɗaya. Likitocin Japan, Yamamoto da Itoi da abokan aikinsu, suka fito da shi a 2007, aka ƙara kyautata shi a 2014. Idan mutum yana ɗaga hannu, gurbin yana bin wata hanya a bayan kan ƙashin, faɗinta kimanin kashi 83 na faɗin gurbin. Muddin loɓar tana cikin wannan hanya, gurbin zai rufe ta ya wuce. Idan ta fi hanyar faɗi, bakin gurbin zai faɗa cikinta, ƙashi ya fita. A ƙaddara faɗin gurbi milimita 30 ne, hanyarsa ta zama kimanin 25. In milimita 4 sun cinye, saura 21. Loɓar da ta kai milimita 23 ta fita daga hanya ke nan, sai an cike ta ko an ƙara ƙashi. Da gurbin bai cinye ba, da wannan loɓa ɗin ba ta zama matsala ba. Wannan ya sake nuna illar barin kafaɗa tana ta fita shekara da shekaru.

WAƊANSU ABUBUWAN DA KE ƁATA AIKI

Yawan gocewa kafin fiɗa. Wanda aka yi wa aiki bayan gocewa ɗaya ko biyu ya fi samun nasara a kan wanda ya jira ta fita sau da yawa.

Farfaɗiya. Bugu ɗaya ya isa ya tsinke ɗinkin da likita ya yi. Dole ne a shawo kan ciwon da magani kafin fiɗa, a kuma ci gaba da sha bayanta. Kada kunya ta sa mai ciwo ko iyayensa su ɓoye wa likita wannan.

Shan ƙwayoyi. Tramadol, wanda wasu masu aikin ƙarfi ke sha domin kashe gajiya, yana jawo bugu irin na farfaɗiya, musamman in an sha da yawa.

Taba. Hayaƙinta yana rage saurin haɗewar ƙashi da warkewar nama.

Fitar da kafaɗa da gangan. Akwai yaran da ke iya goce kafaɗarsu su mayar domin ba abokai mamaki. Irin waɗannan fiɗa ba ta cika yi musu amfani ba, maganinsu daina wannan hali da motsa jiki na ƙarfafa tsoka.

Gaggawar komawa aiki ko wasa kafin likita ya ba da izini.

ABIN DA ZA KA FAƊA, DA ABIN DA ZA KA TAMBAYA

Ya kai mai karatu, rabin wannan hasashe daga bakinka yake fitowa. Kafin ka je asibiti, zauna ka tuna: shekararka nawa ranar da ta fara fita? Me ya jawo ta? Sau nawa ta fita tun daga nan? Wa ke mayar maka da ita? Tana fita kana barci, ko kana sa riga, ko kana miƙa? Wane aiki kake yi, kuma wane wasa? Kana so ka koma gare su? Ka tafi da dukan tsofaffin hotunanka da katin asibiti.

Kai ma kana da hakkin tambaya. Ka tambayi likita ko ƙashinka ya cinye, kuma kashi nawa. Ka tambaye shi wane aiki zai yi maka, da dalilin da ya sa ya zaɓe shi ya bar sauran. Ka tambaye shi mutum nawa cikin goma masu irin halinka matsalar ke dawo musu. Ka tambayi kuɗin aikin gaba ɗaya har da na gashin ƙashi, da watannin da za ka yi ba ka aiki, domin ka yi tanadi. In kana cikin inshorar lafiya ta tarayya ko ta jiharka, ka bincika abin da take ɗauka.

Ka sani cewa lissafin likita lissafi ne na jama'a. In an ce kashi 10 daga cikin 100, ma'anarsa cikin mutum goma masu irin halinka ɗaya ne za ta sake goce masa. Babu likitan da zai iya rantse maka cewa ba kai ne ɗayan ba. Aikinsa shi ne ya rage haɗarin gwargwadon iko.

BAYAN FIƊA

Za a rataye maka hannu a ƙirji na tsawon mako uku zuwa shida, gwargwadon aikin da aka yi. Daga nan sai ma'aikacin gashin ƙashi ya fara koya maka motsi mataki mataki, da farko domin gaɓar ta saki, daga baya domin tsoka ta yi ƙarfi. Wasan karo da ɗaukar kaya masu nauyi galibi sai bayan wata biyar zuwa shida. Zafi yakan tafi tun kafin ɗinki ya kama, a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa su koma aiki. Sannu ba ta hana zuwa.

A watannin farko ka guji ɗaga hannu ka kai shi baya kamar mai jifa. Kada ka kama ƙarfen saman keke ko na mota da wannan hannu, domin birki ɗaya zai iya fizge shi. Kada ka yi matashi da hannu in za ka kwanta.

Ka koma asibiti nan da nan in ka ga zazzaɓi, ko ruwa ko mugunya daga wurin ɗinki, ko hannu ya mutu, ko ka ji kafaɗar ta zame ta koma. Jin fargaba duk lokacin da ka ɗaga hannu, kamar za ta fita, shi ma alama ce da ya kamata likita ya sani. Matsalar na iya dawowa ko bayan shekara biyu ko fiye, saboda haka kada ka yar da katinka.

MAGANAR MAƊORA, DA INDA ZA A JE

Jama'a da yawa wurin maɗori suke fara zuwa, domin yana kusa, kuma an san shi. Amma maɗori ba ya ganin cikin jiki. Gocewar kafaɗa takan zo tare da karaya, jan ƙarfi kuwa na iya raba ƙashin biyu ko ya lahanta jijiyar da ke motsa hannu. Akwai kuma waɗanda ake ɗaure musu hannu alhali ƙashin bai koma ba. Idan aka wuce mako uku a haka, mayar da shi da hannu yakan gagara, sai an tsaga. A asibiti ana ɗaukar hoto kafin mayarwa da bayanta, ana kuma ba da maganin da ke sa tsoka ta saki, ƙashi ya koma ba tare da ƙarin ɓarna ba. Muna roƙon maɗora da masu unguwanni da masu horar da 'yan wasa su riƙa tura irin waɗannan mutane asibiti tun ranar farko.

Mazauna mahadar Tina da sauran unguwannin Jos suna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham, wanda aka fi sani da Jankwano. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala, a Zariya akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a kudu kuma akwai asibitocin ƙashi na ƙasa a Igbobi ta Legas da Inugu. Ba kowane asibiti ne ke yin kowane irin aiki ba. Idan wanda ka je ba ya yin aikin da ya dace da kai, ka nemi takardar tura ka inda ake yi.

KU TUNA

1. Kafaɗar da ta goce, a kai ta asibiti a ranar, a ɗauki hoto.
2. Matashin da kafaɗarsa ta fita, ko da sau ɗaya ne, ya ga likitan ƙashi. In ta fita sau biyu, kada a jira na uku.
3. Ƙuruciya, da wasan gasa ko aikin ƙarfi, da sakin gaɓoɓi, da ƙashin da ya loɓa ko ya cinye, su ne manyan alamun cewa ɗinkin nama kaɗai ba zai riƙe ba.
4. A gaya wa likita gaskiya game da farfaɗiya da ƙwayoyi da taba.
5. A cika wa'adin rataya da na gashin ƙashi kafin a koma aiki.

Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, ya kuma miƙa shi ga maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.